Ɗan Gida da Rufin da Ke Yoyo

Idan damina ta kankama a Gonin Gora, kwanon rufi ya fara yoyo, a nan ake gane matsayin kowa a gida. Baƙo zai ja tabarmarsa gefe ya yi shiru don kunya. Ɗan haya ya jira ƙarshen wata ya kwashe kayansa. Ɗan gida ne kaɗai zai buga ƙofar mahaifinsa da tsakar dare ya ce, "Baba, ruwa na zuba mana, sai yaushe za a gyara?"

Annabi Habakuk irin wannan ɗan ne. Ya rayu a Yahuza wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da shari'a ta lalace, mai ƙarfi na take marar ƙarfi. Littafinsa sura 3 ne kacal, kuma da ƙorafi ga Allah ya buɗe shi, cewa yana ta kuka ba a amsa. Amsar da ta zo ta fi tambayar ɗaci: Kaldiyawa na tafe, su ne bulalar. Habakuk bai haƙura ba, ya koma ƙofa. Ta yaya Mai Tsarki zai hori mai laifi da hannun wanda ya fi shi mugunta? Ya faɗi haka, ya hau hasumiya ya tsaya jiran amsa. Annabi Irmiya ma, a sura 12 ta littafinsa, ya tambayi dalilin da ya sa mugaye ke cin gaba.

Mutanen unguwar Gonin Gora sun san irin wannan dare. Da yawa sun dawo kudancin kogin Kaduna ne bayan rikicin shekarar 2000, suna neman inda za su yi barci da ido biyu rufe. A 2024 'yan bindiga suka kwashe mutum 16 a Gonin Gora, jaridu suka ruwaito sun nemi fansar naira tiriliyan 40, kuɗin da ya fi kasafin Najeriya na shekarar.

Duk da haka, idan uwar wanda aka sace ta ɗaga murya a zumuntar mata ta ce, "Ubangiji, don me?", sai mu yi caa a kanta: sai haƙuri, Mama, ba a tambayar Allah. A ganina, ɗabi'ar baƙo muke koya mata a gidan ubanta. Habakuk da ya yi tambayar ba a kore shi ba, an ma ce ya rubuta amsar a kan alluna don kowa ya karanta. Ya rufe littafinsa da addu'a alhali ba abin da aka gyara tukuna, Babila kuwa, ƙasar Kaldiyawan, ta zo ta ƙone Urushalima wajen shekara 586 kafin Almasihu.