Laikin da Ya Ci Sunan Obama

A shekarar 2007, Kerry Knudsen na Jami'ar Kalifoniya da ke Ribasaid yana binciken ƙasar tsibirin Santa Rosa a Amurka, sai ya ci karo da wasu 'yan ɗige-ɗige masu launin ruwan goro, ƙwayoyinsu ba su kai ƙwayar yashi ba. Laikin ne, dangin ɓawon nan da ke mannewa a jikin duwatsu da itatuwa. Amma wannan bai dace da ko ɗaya daga cikin waɗanda aka sani ba.

Laikin halitta biyu ce a jiki ɗaya. Funfuna ce ke gina jikin ta tare danshi, gansakukar da ke cikinta kuma ta haɗa abinci daga hasken rana. Simon Schwendener ɗan Suwizalan ne ya fara faɗin haka a 1867. Yau an san nau'i wajen 20,000.

Kafin a ce nau'i sabo ne, sai an sha aiki. Masani zai yanki samfurin siriri, ya sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya auna ƙwayoyinsa. Sannan ya ɗiga masa sinadari. Laikin dangin Caloplaca masu ruwan goro, da zarar ruwan fotash ya taɓa su sai su rikiɗe su koma shunayya. Daga nan a gwada shi da tsofaffin samfura, a ware guda a ajiye a ma'adanar busassun tsirrai, ya zama abin komawa ga duk mai shakka. A lokacin binciken Knudsen, dole bayanin sabon nau'i ya zo da Latin. Sai a 2012 aka yarda da Ingilishi.

Knudsen, wanda ya yi shekaru yana aikin gine-gine kafin ya rungumi wannan fanni, ya wallafa bayanin sabon laikin a mujallar Opuscula Philolichenum a 2009. Ya raɗa masa Caloplaca obamae don yaba wa Shugaba Barack Obama kan goyon bayan kimiyya. Wasu masanan ma sun karrama Dolly Parton a 2015 da Oprah Winfrey a 2019 ta hanyar raɗa wa sababbin nau'o'in laikin sunayensu.

Saura ƙiris da laikin ya ɓace tun ba a san shi ba. A kan ƙasa yake tsirowa, shanu kuwa sun shafe fiye da shekara ɗari suna tattake tsibirin. A 1998 aka kwashe su, tsibirin kuma yana ƙarƙashin kulawar hukumar gandun daji ta Amurka.