Yara Da Shanu A Filin Gasa: Darasin Lafiya Ga Duk Mai Turke A Gida



Mai karatu, da a ce za ka je ƙauyukan Amurka a lokacin bazararsu, tsakanin watan Yuli da Satumba, da ka ga abin mamaki. Yarinya 'yar shekara 11, wadda nauyinta bai kai kilo 40 ba, za ta riƙo ragamar san da ya haura kilo 500, ta zagaya da shi fili a gaban alƙali da ɗaruruwan 'yan kallo. Ita ta rene shi tun yana maraƙi, ita ke ba shi abinci, ita ke masa wanka, kuma ta san ranar da aka yi masa kowace allura. Wannan gasa ce ta shanun nama da yara ke shiga a bukukuwan baje kolin amfanin gona na gundumomi da jihohin ƙasar.

Abin da ya ja hankalina ga wannan al'ada shi ne wani abu da ya faru a kantin maganin da nake aiki, ana saura kwana goma Babbar Sallah. Wani bawan Allah ya shigo da ɗansa ɗan shekara tara, ya ce in ba shi "ƙwayar ƙiba", wato Dexamethasone. Da na tambayi wa zai sha, sai yaron ya yi caraf ya ce ragonsa ne, yana so ya fi na maƙwabtansu cika ido. Ban sayar ba. Na zaunar da su na yi musu bayanin da zan yi maka a yau. Yaron nan na da irin zuciyar da yaran Amurka ke da ita game da dabbobinsu. Abin da ya rasa shi ne wanda zai koya masa ƙa'idar magani da ta tsafta.

Yadda al'adar take

Yawancin yaran da ke wannan gasa 'yan ƙungiyoyi biyu ne. Ta farko ita ce 4-H, wadda ake danganta tushenta da kulob ɗin noma na yara da wani malamin makaranta mai suna A. B. Graham ya kafa a jihar Ohio a 1902. Haruffan H guda huɗu na nufin kai da zuciya da hannaye da lafiya, domin duk da wannan harafi suke farawa a Turanci. Dokar da Amurka ta yi a 1914 kan aikin malaman gona ta sa ƙungiyar ta bazu a ƙasar baki ɗaya ƙarƙashin kulawar jami'o'in noma. Ta biyu ita ce FFA, ƙungiyar ɗaliban noma na sakandare, wadda aka kafa a 1928.

Yaro kan sami maraƙinsa da kaka, bayan an yaye shi. Daga nan zai shafe wata takwas zuwa goma yana hidima: abinci safe da yamma kafin makaranta da bayan an tashi, sharar makwanci, koya wa maraƙin bin ragama da tsayuwa cak idan an tsayar da shi. Irin shanun da aka fi gani su ne Angus baƙaƙe da Hereford jajaye masu farar fuska, sai kuma Brahman mai tozo a jihohin kudu, wanda ke kama da namu na gida. A ranar gasa alƙali na duba cikar tsoka da ƙirar jiki da tafiyar san. Akwai kuma wani rukuni na daban da ake auna yaron kansa, wato yadda yake sarrafa dabbar da yadda yake amsa tambayoyi a kanta.

Daga ƙarshe sai a yi gwanjo. A babban bikin birnin Houston na jihar Texas, wanda aka fara tun 1932, an sayar da zakaran sa a kan dala miliyan ɗaya a 2022. Yaron da ya yi kiwon wani kaso da aka ƙayyade yake karɓa, ragowar kuma ta tafi asusun tallafin karatu. A ƙananan bukukuwan gundumomi kuɗin bai kai haka ba, amma yakan ishi yaro ya biya kuɗin abincin dabbar ya ajiye na makaranta. Sai dai ranar gwanjo ranar kuka ce ga yara da dama, domin sun san daga can sai kwata. Duk uwar da ta taɓa rarrashin yaro a safiyar layya ta san wannan kuka.

Littafin da ya fi kambu muhimmanci

A matsayina na mai haɗa magunguna, abin da ya fi burge ni shi ne littafin da kowane yaro ke ajiyewa. A ciki yake rubuta nauyin dabbar da abin da ta ci da kuɗin da aka kashe, da kuma sunan duk maganin da aka ba ta, yawansa, ranar da aka ba ta, da ranar da wa'adin jira zai ƙare. Bukukuwa da yawa ba sa karɓar yaro sai ya yi kwas a kan kula da dabba da amfani da magani, kuma manyan bukukuwa na gwada fitsarin dabbobin da suka yi nasara.

Mene ne wa'adin jira? Idan aka yi wa dabba allura, maganin ba ya fita daga jikinta a rana ɗaya. Yana zama a hanta da ƙoda da kitse da kuma gurbin da allurar ta shiga. Wa'adin jira shi ne yawan kwanakin da dole a bari tsakanin magani na ƙarshe da yanka, ko shan nonon dabbar. A jikin kwalba za ka ga an rubuta shi da Turanci, withdrawal period, da adadin kwanaki a gabansa. Allurar Oxytetracycline mai daɗewa a jiki, wadda masu kiwonmu suka fi sani, kan buƙaci mako uku zuwa huɗu ko fiye, gwargwadon kamfanin da ya yi ta. Allurar Ivermectin ta tsutsa da kaska kan kai kwana 35 zuwa 49 a shanu. Tafasa nama ko gasa shi ba ya ba da tabbacin cewa ragowar magani ta tafi.

Su ma Amurkawan sai da suka sha wuya suka tsaurara. A shekarun 1990 an kama shanun da suka ci gasa a Ohio da birnin Denver da wani magani mai suna Clenbuterol, wanda asalinsa na buɗe hanyar numfashi ne, amma ake ba dabba a ɓoye don tsoka ta fito kitse ya ragu. An ƙwace kambu, wasu kuma sun gurfana gaban kotu. Illar maganin ba ɓoyayya ba ce: a ƙasar Sifaniya a 1990 mutum fiye da 100 sun kwanta da bugun zuciya da karkarwa da ciwon kai bayan sun ci hantar shanun da aka ba shi.

Haka zancen Dexamethasone yake a wajenmu. Maganin kumburi ne mai ƙarfi. Yana iya sa dabba ta tara ruwa a jiki ta yi kamar ta yi ƙiba, alhali yana raunana garkuwar jikinta yana kuma rufe alamun cutar da ke cinta. Su kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗirka wa dabba barkatai, suna koya wa ƙwayoyin cutar jure magani. Idan irin waɗannan ƙwayoyin suka kama ɗanka, maganin da muka saba bayarwa sai ya ƙi aiki. Wannan matsala muna ganinta a kanti da asibiti.

Cutar da ke biyo hannu

Darasi na biyu ya fi na farko tsada. A 2004, a bikin baje kolin jihar Karolina ta Arewa, mutum 108 sun kamu da gudawa, yawancinsu ƙananan yara da suka shiga wurin da ake shafa awaki da tumaki. Goma sha biyar daga cikinsu cutar ta taɓa musu ƙoda. A shekarar da ta biyo baya jihar ta yi dokar da ta wajabta wuraren wanke hannu da allunan gargaɗi a irin waɗannan wurare.

Ƙwayar cutar da ta jawo haka ita ce E. coli O157. Tana zaune a hanjin shanu da tumaki da awaki ba tare da ta sa su ciwo ba, don haka dabba mai sheƙi da ƙoshin lafiya ma na iya ɗauke da ita. Tana fita ta kashi, ta manne a gashi da igiya da kwanon dusa da takalmi. 'Yar kaɗan ta isa ta kwantar da yaro. Bayan kamar kwana uku zuwa huɗu sai murɗar ciki mai tsanani ta fara, da gudawar da kan koma ta jini.

A nan nake roƙon iyaye mata su saurare ni da kyau. Idan yaro na gudawa da jini, kada a ba shi maganin tsayar da gudawa irin Loperamide, kada kuma a sayo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis da ka. A irin wannan cuta suna iya ƙara haɗarin taɓuwar ƙoda. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita cewa akwai dabba a gida. Ko gudawar ta lafa, a sa ido na tsawon mako biyu. Idan fitsarinsa ya ragu, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi fari, ko fuska ta kumbura, ko ya yi laushi, a koma asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.

Akwai kuma makero, wanda yara masu gasar shanu suka san shi sarai. Idan ka ga dabba da wani zagayayyen tabo mai toka-toka da gashi ya zube, musamman a fuska da wuya, to yana iya kama yaro. Na jiki kan ji man shafawa irin Clotrimazole idan an dage mako biyu zuwa huɗu. Na fatar kai kuwa sai da maganin sha na makonni, wanda likita zai rubuta. Kada a shafa man da ke ɗauke da sinadarin rage kumburi irin wanda ake bilicin da shi, domin yana ɓoye tabon yana ƙara yaɗa shi.

Mu a nan muna da ƙarin abin lura. Ɗanyen nonon da ba a tafasa ba na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Cutar saifa kuma, wadda likitoci ke kira antiraks, an tabbatar da ɓullarta a wata gona da ke Suleja a watan Yulin 2023. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a gaggawar sa mata wuƙa, ba a feɗe ta, ba a barin yara kusa da ita. Likitan dabbobi ake kira.

Abin da za ka yi a gidanka

Mu mazauna birni, daga Agege zuwa Sabon Ibadan zuwa unguwannin Abuja, turkenmu na tsakar gida ne, taku kaɗan daga madafa da wurin wasan yara. Saboda haka:

1. Ka saya wa yaro littafi na musamman, ya riƙa rubuta abincin dabbar da duk maganin da aka ba ta da kwanan wata. Kafin yanka ku duba shi tare.

2. Idan za ka sayi dabba a kara, ka tambayi dillali ko an yi mata allura kwanan nan. Ka shafa wuya da cinya ko za ka ji ƙullutu. In da hali ka saya da wuri, ka riƙe ta makonni a hannunka.

3. Allura aikin likitan dabbobi ce ko ma'aikacin da ya koya. Yaro ya tsaya ya kalla, kada ya riƙe sirinji. Akwai allurar shanu mai suna Tilmicosin da ta kashe mutanen da suka soki kansu da ita bisa kuskure.

4. Maganin dabba da na kaska su zauna a kwalbarsu ta asali, a kulle, nesa da maganin mutane. Kada a juye su a robar lemo. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

5. Wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana na daƙiƙa 20 bayan taɓa dabba ko igiyarta ko kashinta. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe wasu ƙwayoyin gudawar da maruƙa ke yaɗawa.

6. Ba ci ba sha a wurin turke. A ware takalmin shiga wurin, a riƙa kwashe kashi kullum.

7. Yaron da bai kai shekara biyar ba ya kalla daga nesa, ko a hannun babba. Mai juna biyu ta nisanci dabbar da ke haihuwa ko ta yi ɓari.

8. Ka tabbatar yaranka sun kammala rigakafinsu, musamman na sandarewar jiki, domin rauni a wurin da ke da kashin dabba ƙofa ce gare ta. Kuma kada yaro ya naɗe igiyar dabba a hannunsa, kada ya tsaya a bayan sa.

Duk wannan ba don a raba yaro da dabba ba ne. Kiwo na koya masa tashi da wuri da haƙuri da tausayi da lissafin kuɗi, kuma mu ba baƙi ba ne a wannan fage, domin da tunkiyar uwa aka yi wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba rubuta ranar allura a yau, shi ne mahaucin ko mai gonar da ba zai sayar wa jama'a nama mai magani ba gobe.

Shi kuwa yaron da na ba ka labarinsa, ya dawo bayan Sallah da ƙullin soyayyen nama, ya ce da dusa da harawa da kanwa kawai ya ƙarasa kiwon. Na tambaye shi ko ragon ya fi na maƙwabta. Ya ce bai fi ba, amma na baɗi zai fi, domin tun yanzu zai fara.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.