Dalilin da ya sa masu tsofaffin motocin tsere ke cire giyar otomatik suna mayar da ta hannu

A kasuwar sababbin motoci, giyar hannu tana ta ja da baya. Kamfanin Ferrari ya daina ƙera mota mai kuloci fiye da shekara goma da suka wuce, haka ma Lamborghini. Amma a garejojin Amurka da Turai, masu tsofaffin motocin tsere suna biyan maƙudan kuɗi domin a cire musu giyar da ke sauya kanta, a dasa musu sandar giya da feda ta uku. Aikin ya haɗa ƙarfe da waya da manhaja, kuma kuskure ɗaya na iya rage wa motar daraja ko ya sa ta zama haɗari.

Otomatik iri biyu ne

Abin da ake fara dubawa shi ne irin giyar da ke cikin motar, domin shi ke nuna girman aikin da tsadarsa.

Iri na farko shi ne otomatik na asali, wanda ba shi da kuloci irin na motar hannu. Tsakanin injin da giyabos akwai wani gammo cike da mai, kuma man ne ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa giya. Irin wannan ne ke cikin Toyota Supra ta 1993 zuwa 2002 mai giya huɗu.

Iri na biyu giyar hannu ce da aka ɗora wa mutum-mutumi. Akwai kuloci a ciki, akwai haƙoran giya irin na motar hannu, sai dai kwamfuta da famfon mai ne ke taka kulocin su sauya giyar a madadin direba. Ferrari ta fito da nata a cikin F355 a 1997 da sunan F1, BMW kuma ta kira nata SMG. A wancan lokaci wannan ita ce fasahar da ake yayi. Yau ita ce aka fi cirewa.

BMW M3: giyar hannu da aka ɓoye

BMW M3 samfurin E46, wadda aka ƙera daga 2000 zuwa 2006, tana da injin silinda shida mai lita 3.2 da ke juyawa har kusan sau 8,000 a minti ɗaya. An sayar da ita da giyar hannu mai hawa shida, ko kuma da SMG. A kan takarda SMG ba ta da laifi, domin a matakinta mafi zafi tana sauya giya cikin daƙiƙa 0.08, saurin da hannun ɗan Adam ba zai kamo ba. Matsalarta a cikin gari take. A cunkoso tana fizgar mota, kuma idan famfonta ya tsufa ya yi zafi, sai motar ta zare kanta daga giya a tsakiyar titi. Gyaran famfon kuwa ba arha ba ne.

Abin da ya sauƙaƙa aikin juyawa shi ne giyabos ɗin SMG da na motar hannu asalinsu ɗaya ne, ƙirar kamfanin Getrag na Jamus. Saboda haka ba sai an sayi sabo ba. Makaniki zai sauke giyabos, ya cire famfo da na'urorin da ke tura giyar, ya ɗaura fedar kuloci da bututun mansa, sannan ya sa sandar giya. Akwai wani ɗan abu da masu gaggawa kan tsallake: giyabos ɗin SMG ba shi da sifirin da ke dawo da sanda tsakiya idan an sake ta, tunda kwamfuta ba ta bukatarsa. Dole a huda gidan giyar a injin sassaƙa ƙarfe a dasa shi, ko a canja gidan gaba ɗaya. Idan ba a yi haka ba, sandar za ta riƙa lilo, kuma direban da ke neman giya ta huɗu zai iya faɗawa ta biyu yana cikin gudu. Kuskure irin wannan yana iya kashe injin nan take.

Supra: nan aikin ya fi nauyi

A motar da ke da otomatik na asali, kusan duk abin da ke tsakanin injin da tayoyin baya sai an taɓa shi. Ana bukatar sabon giyabos, kuloci, da faifan ƙarfe mai nauyi da kulocin ke kamawa a bayan injin. Farfelar da ke kai ƙarfi baya takan canja tsawo, ƙarfen da giyabos ke zama a kai shi ma haka. Lissafin haƙoran aksul na baya ya bambanta tsakanin Supra otomatik da ta hannu, don haka wanda ya bar na da zai ga injin yana ihu fiye da kima a babbar hanya.

Giyabos ɗin da kowa ke nema shi ne Getrag V160 mai hawa shida, wanda Supra mai turbo ta zo da shi daga masana'anta. An daina ƙera shi, kuma farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabi. Wannan ya sa wasu ke ɗauko na Nissan 350Z ko na kamfanin Tremec, su haɗa shi da injin Toyota ta hanyar wani faranti da aka sassaƙa musamman.

Sai an shawo kan kwamfuta

Ga wanda ya saba da taɓa manhajar waya, wannan sashe ba baƙo ba ne. Kwamfutar injin, wadda makanikai ke kira birenbos, tana sa ran jin saƙo daga kwamfutar giya a kowane lokaci. Da zarar an cire giyar otomatik, saƙon ya yanke. Daga nan fitilun gargaɗi su cika allo, wata motar ta rage wa kanta ƙarfi, wata ma ta ƙi tashi.

Maganin shi ne a jona kwamfutar tafi-da-gidanka ta kafar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, a sake rubuta wa motar bayaninta cewa yanzu ta hannu ce. A M3, ana yin haka ga kwamfutar injin da kuma allon gaban direba. Sannan a koma kan wayoyi. Motar otomatik tana da makunnin da ke hana ta tashi sai tana P ko N. Mai aikin ganganci yakan haɗe wayoyin biyu kawai ya wuce, sai motar ta zama tana iya tashi a cikin giya ta zabura kan abin da ke gabanta. Aikin kirki shi ne a mayar da wannan tsaro kan fedar kuloci, yadda injin ba zai tashi ba sai an taka. Fitilar ribas ma sai an ja mata sabuwar waya zuwa giyabos.

Makanikan Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano sun san wannan aiki, domin direbobin haya sun daɗe suna mayar da motocin tokumbo zuwa giyar hannu saboda sauƙin gyara. Dalilin ne ya bambanta, amma tarkon waya da birenbos iri ɗaya ne.

Riba ce ko asara?

A nan ne masu motocin suka rabu biyu. Ferrari 599 GTB mai giyar hannu kusan guda 30 kacal aka ƙera, kuma a wajen gwanjo farashinta ya ninka na 'yar'uwarta mai F1. Wannan tazara ce ta buɗe kasuwa ga kamfanoni irin su European Auto Group da ke San Antonio a jihar Texas, wanda ya yi suna wajen juya Ferrari zuwa giyar hannu. Motar da aka juya takan samu masu saye, amma ba ta kamo darajar wadda ta fito haka daga masana'anta.

Akwai kuma motocin da taɓa su caca ce. M3 CSL ta 2003, mai rufin zaren kabon, guda 1,383 aka yi, kuma dukkansu SMG ne. Wasu masu ita a Birtaniya sun juya ta, suna cewa sai yanzu ta cika. Masu tara motoci kuma suna ganin an ɓata abin tarihi. Shi ya sa masu hankali ke adana duk abin da aka cire, har da famfo da wayoyi, domin a iya mayar da motar yadda take. Tarihin mota ma yakan fi giyarta nauyi: Supra mai ruwan lemo da Paul Walker ya tuƙa a fim ɗin The Fast and the Furious an sayar da ita dala 550,000 a 2021, alhali otomatik ce mai giya huɗu.

Kamfanoni sun ji kiran

Ba sauri ake saye da wannan kuɗi ba, domin otomatik na zamani ya fi kowane direba saurin sauya giya. Abin da ake nema shi ne mutum ya ji shi ke tuƙa motar da hannunsa da ƙafarsa. Toyota ta fito da sabuwar GR Supra a 2019 da otomatik kaɗai, magoya bayanta suka yi ta ƙorafi, wasu garejoji suka fara juyawa da kansu, sai a 2022 kamfanin ya sanar da samfurin giyar hannu. A shekarar ce Koenigsegg na Suwidin ya nuna CC850, wadda giyarta ke aiki a matsayin otomatik mai hawa tara ko ta hannu mai hawa shida da fedar kuloci. Hyundai Ioniq 5 N kuwa ta lantarki ce, ba ta da giyar sauyawa ko ɗaya, amma an rubuta mata manhajar da ke kwaikwayon fizgar giya da ƙarar injin, saboda direbobi sun nuna har yanzu suna son abin.