Kalmar «rigour»: tsanani ce ko tsantseni?

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama biro a ƙasarmu ya san kalmar nan ta Faransanci, «rigueur». Tana cikin jawaban shugabanni, tana cikin takardun da ministoci ke aikawa jihohi, mushe ma yakan rubuta ta da jan alƙalami a gefen takardar ɗan lakkol. Tana da ƴar'uwa a Ingilishi, ita ce «rigour», wadda mutanen Ingila ke faɗi kusan kamar yadda muke cewa «riga», sai dai su ba su jan wasulan. Tun da yake maƙwabciyarmu Najeriya da Ingilishi take aikin gwamnati, kuma takardun ayyukan raya ƙasa da dama da wannan harshe suke iso mana, ya kyautu mu san abin da kalmar ke ɗauke da shi. Ga tafinta kuwa, da mai fassara labaru a gidan rediyo, da malamin yaƙi da jahilci, sanin nan wajibi ne. Kalmar fuska biyu gare ta, wanda ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya kuwa yana iya mai da umurnin gyaran aiki ya zama umurnin ƙuntata wa talakawa.

Asalin kalmar

Tushenta yana cikin Latin, harshen Rumawa na dā. A can «rigor» na nufin sandarewa, wato yadda busasshen icce yake ƙin tanƙwaruwa, ko yadda ɗari ke ƙage jikin mutum. Faransanci ya gaji kalmar daga Latin, Ingilishi kuma ya aro ta daga Faransanci. Dalili shi ne, a shekarar 1066 Wiliyam mai mulkin Normandi ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan fada da kotuna da manyan ƙasa suka riƙa aiki da Faransanci har wajen shekaru 300, dubban kalmomi suka shiga bakin mutanen Ingila. Wajen ƙarshen ƙarni na 14 aka fara ganin «rigour» cikin rubutunsu, tana nufin tsananin hukunci da rashin sassauci.

Tsohuwar ma'anar ba ta ɓace ba, likitoci sun adana ta. Sandarewar da gawa ke yi ƴan sa'o'i bayan rai ya fita, ita suke kira «rigor mortis». Haka kuma karkarwar da ke kama mai masassarar cizon sauro, haƙora na haɗuwa alhali jiki na ƙara zafi, sunanta «rigor» a asibitocin da ke aiki da Ingilishi.

Akwai bambancin rubutu da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Ingila da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, irin su Najeriya da Gana, suna rubuta «rigour». Amurka kuwa «rigor» take rubutawa, domin wani malami, Noah Webster, ya zubar da harafin «u» daga irin waɗannan kalmomi cikin babban ƙamus ɗinsa na 1828. Amma siffar da aka cira daga kalmar, wato «rigorous», iri ɗaya ake rubuta ta ko'ina.

Fuska ta farko: tsanani

In Bature ya ce za a hukunta mutum «with the full rigour of the law», yana nufin doka za ta yi aikinta duka, ba sani ba sabo, ba rangwame. In kuma ya sa kalmar a jam'i, «rigours», to wahalhalu yake nufi, irin waɗanda yanayi ko tafiya ke ɗora wa mutum. Da ita zai kwatanta ɗarin ƙasarsu, da ita kuma zai kwatanta abin da ayarin gishiri ke sha tsakanin Agadas da Bilma: ƙishirwa, da rana, da sanyin dare.

Ingila kanta ta ɗanɗana wannan fuska, kuma labarinta abin koyo ne. A farkon ƙarni na 19 laifuffuka fiye da 200 ne dokarta ta yanke wa hukuncin kisa. Wanda ya saci kayan sule 5 a kanti, ko kayan sule 40 a cikin gida, rataya ce sakamakonsa. Masu yin doka sun zaci tsoro zai hana sata. To, a kotunan Ingila mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'a, su ne ke faɗin ko wanda ake tuhuma ya yi laifi ko bai yi ba. Waɗannan mutane ba su son jinin talaka a wuyansu saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai suka riƙa rage kuɗin kayan da aka sata da gangan: kaya ya fi sule 40 nesa ba kusa ba, su ce na sule 39 ne, don ɓarawo ya tsira da ransa. Wasu masu kaya ma suka daina kai ƙara. Da yawa cikin waɗanda aka yanke wa kisa aka yi musu afuwa, aka kwashe su zuwa Ostireliya. Daga 1823, zamanin da Robert Peel ke ministan cikin gida, aka shiga soke waɗannan dokoki, kafin 1861 laifuffukan kisa sun koma ƴan ƙalilan.

Abin lura a nan shi ne, tsananin da ya wuce kima shi ya koya wa kotu ƙarya. Doka ta sandare har ta kasa aiki, gaskiyar lissafi ta fita daga takardun shari'a.

Fuska ta biyu: tsantseni

A bakin masana na yau, fuska ta biyu ta fi yawa. In aka ce bincike «rigorous» ne, yabo ne babba. Ana nufin mai shi ya bi diddigin kowace magana, ya auna ya sake aunawa, bai tsallake mataki ba, bai rubuta abin da ba ya da hujja a kai ba. Nan ma akwai rashin sassauci, amma a kan kansa da aikinsa mutum yake ɗora shi.

Masana lissafi su ne gwanayen wannan hali. Wajen 1637 wani alƙali Bafaranshe mai sha'awar lissafi, Pierre de Fermat, ya rubuta wata magana game da lambobi a gefen littafi, ya ce yana da hujjarta amma wuri ya yi masa kaɗan. Shekaru fiye da 350 ana neman hujjar nan. Da kwamfuta ta zo aka gwada lambobi har miliyoyi, ba a sami inda maganar ta ƙaryata ba, duk da haka masana suka ƙi cewa ta tabbata, domin yawan gwaji daban, hujja daban. A watan Yuni na 1993 wani masani ɗan Ingila, Andrew Wiles, ya bayyana a Kambirij cewa ya samo hujjar bayan aikin shekaru 7. Jaridun duniya suka ɗauka. Amma da aka ba ƴan'uwansa masana takardun su duba layi-layi, sai aka tarar da giɓi a wuri guda. Ba wanda ya ce a rufe ido tun da yake an riga an yi shela. Wiles ya koma ya yi fiye da shekara yana fama, shi da tsohon ɗalibinsa Richard Taylor, har suka toshe giɓin a watan Satumba na 1994, aka buga aikin a 1995. Wannan shi ne «rigour» na masana.

Rashinsa kuma yana da tsada. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi hasarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, bayan tafiyar wata 9. Da aka bincika sai aka ga ƙungiya ɗaya ta masu aikin ta yi lissafinta da ma'aunin Ingila na gargajiya, ɗaya ƙungiyar kuma ta ɗauka da ma'aunin mita da kilo aka ba ta lambobin. Kamar dai a ce magatakardan rumbun tsimi ya karɓi hatsi da tiya, ya rubuta lambar, wanda ya gaje shi ya karanta ta a matsayin kilo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Inda Faransanci da Ingilishi suka rabu

Kada mai fassara ya ɗauka duk inda «rigueur» ta shiga, «rigour» ma za ta shiga. A watan Maris na 1983 gwamnatin shugaba Mitterrand, wadda Pierre Mauroy ke jagoranta, Jacques Delors kuma na riƙe da ma'aikatar kuɗi, ta ɗauki matakan tsuke bakin aljihu: aka ƙara haraji, aka rage kashe kuɗin gwamnati, aka ƙayyade kuɗin waje da ɗan yawon buɗe ido zai fita da su. Gwamnatin ta guji kalmar «austérité», wadda ƴan jam'iyyarta suka daɗe suna sukar magabatansu da ita, ta kira shirin nata «rigueur», domin kalmar tana da ƙamshin tsari da kyakkyawan riƙo. Ingilishi kuwa «austerity» yake ce wa irin wannan shiri. Haka nan «à la rigueur», wato «in ta kama dole», ba ta da takwara da wannan kalma a Ingilishi. Sai dai Ingilishi ya ari «de rigueur» ɗungurungum, yana nufin abin da al'ada ta wajabta, kamar babbar riga da hula ranar salla.

Ko a nan gida fuskokin biyu sun taɓa haɗuwa. Dattawan ma'aikata in suka tuna zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, da kalmar «rigueur» suke kwatanta shi. Wani yana nufin zuwa aiki kan lokaci da tsoron taɓa dukiyar ƙasa, wani kuma yana nufin tsananin da mai kuskure ke gamuwa da shi.

Yaya za mu ce da Hausa?

Hausa ba ta tara ma'anonin nan cikin kalma guda ba, wannan kuwa alheri ne, domin yana tilasta wa mai fassara ya tsaya ya zaɓa. In maganar hukunci ce, akwai «tsanani», da «tsauri», da «ba sani ba sabo». In maganar yanayi ce ko tafiya, akwai «wahala» da «tsananin ɗari». In maganar kuɗin gwamnati ce, «tsimi» ko «tsuke bakin aljihu». In kuwa maganar aiki ce, ko bincike, ko riƙon littafin kuɗi, sai a ce «tsantseni», ko «bin diddigi», ko «yin aiki dalla-dalla bisa ƙa'ida».

A ɗauki misali. Takarda ta zo daga Yamai tana neman a karɓi haraji «avec rigueur». Wanda ya fassara ta da «a karɓa da tsanani» ya ba ɗan aike izinin tsawa da kama akuya. Wanda ya ce «a karɓa bisa ƙa'ida, a rubuta kome» ya umurce shi ya ba kowa takardar shaidar biya, kada ya ƙara ko dala a kan abin da doka ta yanka, kada kuma ya tsallake gidan mai kuɗi ya tsaya ƙofar talaka. Takarda ɗaya ce, amma abin da zai sami mutanen ƙauye ya dangana ga kalmar da aka zaɓa.

Saboda haka, ya ku ma'aikata da masu karatu, in kun gamu da kalmar nan, da Ingilishi ko da Faransanci, ku fara tambayar kanku a kan wa aka ɗora ta. Tsananta wa na ƙasa abu ne mai sauƙi, kowa ya sami kujera yana iyawa. Mai wuya shi ne mutum ya riƙe agogonsa, da ma'auninsa, da alƙalaminsa yadda yake so a riƙe na wasu. Shugaban da ke hukunta masu makara alhali shi sai hantsi yake isowa biro, shi ne Hausawa ke ce wa mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.