Zoben da ke Mayar da Amon Jita ya Koma na Kuge

A shekarar 1934, wadda a cikinta Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa kamun kifin da ya zama bikin da duniya ta sani a yau, wani injiniyan wayar tarho a Amurka mai suna Frank Cowan ya nemi a yi masa rajistar wata 'yar na'ura da ya ƙirƙiro, aka kuwa ba shi a 1935. Turawa suna kiranta rin-mojileta, mu kuma a nan za mu kira ta zoben cuɗa sauti. Cowan bai yi ta don kiɗa ba. Bukatarsa ita ce a ɗora maganar mutane da dama a kan waya guda ba tare da muryoyin sun hautsine ba. Amma yau makaɗan jitar lantarki suna ajiye ta a ƙasa cikin ɗan akwati, su taka da ƙafa, sai tsirkiya ta yi amo kamar an bugi ƙarfe.

Kafin mu ga yadda haka ke faruwa, sai mai karatu ya tuna da abin da ya bambanta molo da kuge. Idan aka taɓa tsirkiyar molo ko ta jita, tana karkarwa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan adadi shi ake aunawa da haz. Tsirkiyar da ke kaɗawa sau 220 a daƙiƙa tana fitar da wasu sautuka tare da wancan, a kan 440 da 660 da abin da ya yi sama, wato ninki biyu, ninki uku, bi da bi. Kunnen ɗan Adam yana tattara su ya ji su a matsayin murya guda mai daɗi. Shi kuwa kuge, wato ƙarfen nan da ake bugawa a fada, sautukansa ba su bin wannan jeri, shi ya sa amonsa yake da kaifi, ba ya kuma zama daram a kan murya ɗaya. Haka abin yake ga ƙararrawar makaranta.

To, aikin zoben shi ne ya wargaza wannan jeri. Ana shigar masa da sigina biyu: na jita, da wani sauti tsayayye da na'urar ke haifarwa da kanta, wanda za mu kira ɗan dako. Akwatin lasifika na gidan biki tara sautuka yake yi, a ji kowanne yadda yake. Zoben kuwa ninka ɗaya yake yi da ɗayan. Ɗaliban babbar sakandare sun san ƙa'idar nan ta lissafin kusurwa:

sin A × sin B = ½[cos(A − B) − cos(A + B)]

Da yawa sun haddace ta don jarrabawa, suka watsar da ita a ƙofar zaure. Abin da take faɗa shi ne, idan aka ninka kaɗawa biyu, su biyun za su ɓace, a sami bambancinsu da jimlarsu. A ce ɗan dako yana kan haz 500. Sautin 220 zai haifi 280 da 720. Na 440 zai haifi 60 da 940. Na 660 kuma 160 da 1,160. Duba jerin da kyau: 60, 160, 280, 720, 940, 1,160. Tsarin ninki ɗaya, biyu, uku ya tafi, 220 ɗin da makaɗi ya taɓa ma babu shi. Abin da kunne zai ji ya fi kusa da kuge.

Ginin na'urar ba shi da wuya. Dayod huɗu ne, wato 'yan ƙananan ƙofofin nan da ke barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya kawai, a jera su kan wannan a wutsiyar wancan har su kewayo, daga nan ne sunan zobe ya fito. A lura, wannan ya saɓa wa jerin dayod huɗu na cikin caja, inda ba duka suke bin juna a kewaye ba. Sai ƙananan taransifoma biyu, ɗaya a mashiga, ɗaya a mafita, kowanne da waya a tsakiyar naɗinsa, ta nan ake shigar da ɗan dako. A rabin farko na kaɗawarsa dayod biyu za su buɗe, siginar jita ta wuce yadda take. A rabi na biyu sauran biyun za su buɗe, siginar ta wuce a kife. Wannan kifewa da miƙewa, sau ɗaruruwa a daƙiƙa, daidai take da ninkawa da +1 da −1. Da yake juyin na farat ɗaya ne, yakan ƙaro wasu sautuka a sama, abin da ke sa amon zoben dayod ya fi kaushi. Akwatunan baya-bayan nan da dama sun koma amfani da ƙwayoyin lantarki irin su MC1496 da AD633, masu ninkawa cikin laushi.

Masu kiɗa sun daɗe da gano ta. Injiniya Harald Bode, Bajamushe mazaunin Amurka, ya ƙera irinta don mawaƙa a farkon shekarun 1960, Karlheinz Stockhausen kuma ya yi amfani da ita a kiɗansa mai suna Mixtur a 1964. A gidan BBC, da ita aka yi muryar dodannin ƙarfen nan da ake kira Dalek a wasan talabijin na Doctor Who tun 1963, inda aka ninka muryar mutum da ɗan dako mai kimanin haz 30. A fagen jita, ana jin ta a waƙar Paranoid ta ƙungiyar Black Sabbath ta 1970, sannan a 1998 Robert Moog ya fitar da akwatin takawa mai lamba MF-102.

Duk da haka ba ta taɓa samun karɓuwa irin ta sauran akwatunan jita ba, kuma lissafin nan ya nuna dalili. Idan makaɗi ya daidaita ɗan dako a kan 220, daidai da tsirkiyarsa, zai sami 220 da 440 da 660 da 880, komai ya zauna lafiya. Amma da ya gusa da yatsa zuwa wata murya, ɗan dako yana nan inda yake, sai jituwar ta rushe. A ganina wannan ne ya sa gwanaye suke yi mata amfanin yaji, kaɗan-kaɗan. Idan kuma aka sauke ɗan dako ƙasa da haz 20, amon ƙarfen yakan gushe, sai a ji sautin yana ɗagawa yana sauka kamar muryar mai rawar sanyi.

Wanda bai taɓa riƙe jitar lantarki ba ma yana tare da wannan dabara. Akwatin rediyon da masunci ke saurara a bakin Matan Fada ninka sigina yake yi. Idan tasha tana kan kilohaz 1,000, rediyon zai haifi nasa a kan 1,455, ya cuɗa su, ya ɗauki bambancin, wato 455, ya yar da saura. Murɗa maɓallin neman tasha yana sauya wannan ɗan dako. Ƙananan rediyoyi sun fi yin cuɗawar da taransisto maimakon zoben dayod, amma lissafin bai sauya ba.

Malamin fizis a Argungu ko Birnin Kebbi zai iya gwada ta da ɗalibansa da kayan da ake samu wurin masu gyaran rediyo. A fi neman dayod na jamaniyam, domin suna buɗewa a kan kimanin bolt 0.3, na silikon kuwa sai wajen 0.6, siginar jita kuma ba ta da ƙarfi. A zaɓi huɗu masu kusan awo ɗaya, in ba haka ba ɗan dako zai riƙa yoyo, a ji shi yana fito ko ba a taɓa tsirkiya ba. Ƙwayar 555 da batir mai bolt 9 sun isa su samar da ɗan dako; kada a kusanci wutar soket. In babu jita, a kanga makirfo a jikin goge ko molo, a ƙara wa siginar ƙarfi, sannan a sa ɗalibai su lissafa jimla da bambanci a allo kafin a kunna lasifika.