Na'urar da ke duba gyaran manhaja kafin ya iso wayarka

Duk ɗan kasuwar da ke aika kuɗi ko karɓarsu ta waya a Birnin Konni, Illela, Ɗan Issa ko Jibiya, dukiyarsa tana bi ne ta cikin wani rubutu da bai taɓa gani ba. Manhajar da ke cikin wayar umarni ne layi-layi da ma'aikata suka rubuta, kuma kullum cikin gyara take. In aka yi sakaci wajen gyaran, asarar ba ta sallama.

Ranar 1 ga watan Agusta 2012, kamfanin Knight Capital mai dillancin hannun jari a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45. Ma'aikacinsa ya sa sabuwar manhaja a kwamfutoci 7 cikin 8, ya tsallake guda. Hukumar da ke kula da kasuwar ta gano cewa ba a sa wani na biyu ya duba aikin ba, ta kuma ci kamfanin tarar dala miliyan 12 a 2013.

Masu wannan sana'a dai suna da al'adarsu ta ido biyu. A dandalin GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018, mai gyara yakan yi aikinsa a gefe, sannan ya miƙa buƙatar a haɗa shi da babban rubutu. Wani abokin aiki ya karanta, ya amince ko ya mayar masa. Kamar dai buhun gero ne da ba a ɗinke bakinsa sai mai saye ya ga awo. Matsalar ita ce masu dubawa kaɗan ne, gyare-gyare kuwa tuli, ga gajiya.

A watan Afrilu 2025 GitHub ya buɗe wa masu biyan kuɗin rajista hanyar sa Copilot, na'urarsa mai ƙirƙirarriyar basira, ta yi duban farko. Mai kula da ma'ajiyar rubutun zai shiga wurin dokoki ya kunna umarnin cewa duk buƙatar da ta shigo a tura wa na'urar. Yana kuma iya ajiye mata takardar ƙa'idojin gidan, alal misali kada a rubuta lambar sirri a fili, ko a kula da lissafin canji tsakanin naira da sefa. Kafin mai gyara ya gama shan shayinsa, ta bi layukan ta nuna inda take shakka, har ta ba da shawarar gyara.

Amma fa 'yan uwa, kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa. Shi kansa GitHub ya yi gargaɗin cewa takan tsallake kuskure, takan kuma ga laifi inda babu. A ganina ko Knight Capital ba za ta cece shi ba, tunda nasa sakacin wajen sa manhajar aka yi shi, ita kuwa rubutu kawai take karantawa. Kamfanin da ya kunna ta ya sallami masu dubawarsa don rage albashi, da kuɗin jama'a yake caca. Idan wakilin kamfanin aika kuɗi ya zo rumfarku yana talla, ku tambaye shi mutum nawa ne ke sa hannu kafin a saki sabon gyara.