Ma'aikacin Da Ya Tona Asirin Iyayen Gidansa

Mai karatu, a ce gwamnati ce ta ba ka aiki, tana biyanka albashi, kullum kuma idonka na ganin zaluncin da ake yi da sunanta. Za ka yi magana, ko za ka kama bakinka don kare tuwonka?

Wannan ce jarrabawar da ta sami René Maran, baƙar fata da aka haifa a 1887, aka yi masa rajistar haihuwa a tsibirin Martinik, ya yi karatu a Bodo ta Faransa. Da waƙa ya fara, littafinsa na farko ya fito a 1909. Daga nan ya shiga aikin mulkin mallaka, aka tura shi Ubangi-Shari, wato Afirka ta Tsakiya ta yau. Can ya ga abin da ya hana shi barci.

Ana kora mutane daji su tatso roba ala tilas, gonaki sun koma saura, yunwa ta cinye ƙauyuka, wasu jami'an kuwa sai shan barasa. Kai da me za ka yi? Shi dai alƙalami ya ɗauka, ya shekara shida yana rubuta Batouala, labarin wani sarkin ƙabilar Banda. A gabatarwar littafin ya zayyana ta'asar abokan aikinsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Ga abin mamakin. A Disambar 1921 Faransar da ya fallasa ta ba littafin kyautar Goncourt, mafi daraja a adabinta, ya zama baƙar fata na farko da ya ci ta. Ana wannan hidima a Paris, shi yana bakin aiki a Fort-Archambault, garin Sarh na Cadi a yau. Ka ɗauka shi ke nan ya huta?

Ina! Jaridu suka yi masa ca, 'yan majalisa suka ce ya ci amanar ƙasar da ta ilimantar da shi. Tsangwama ta yi yawa har ya ajiye aiki, ya koma Paris yana ci da alƙalaminsa. Sai a 1927 André Gide, Bature da ya zaga yankin, ya buga irin wannan bayani, aka fara saurare.

Maran ya rasu a Mayun 1960, wata uku kafin Cadi da Afirka ta Tsakiya su sami 'yanci. Mai karatu, in gaskiya za ta raba ka da albashinka, wanne za ka riƙe?